Surukina a Motar Lantarki

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, kuma ko da na so mantawa, dangin matata ba za su bari ba. Yaron yanzu har ya yi wayo, muna yi masa Hausa yana mayar mana da Turanci, amma har yau duk sabgar da aka haɗu a Landan sai an sami wanda zai gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, sannan ya sassauta murya ya tambaye ni ko motata tana da caji.

Motar lantarki ce. Na saye ta a tsakiyar lokacin zafi, ta hannu ce amma fes take, kuma daga ranar da na karɓi makullinta na zama mai wa'azi. Idan aka sallame Juma'a a Whitechapel, mutane na neman takalmansu, ni ina neman wanda zan tare in yi wa bayanin cewa zamanin fetur ya wuce. Akwai wata lamba da take fitowa a allon gaban direba, tana faɗa maka mil nawa ya rage kafin batir ya ƙare. Duk tsawon lokacin zafi lambar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, don haka na yarda da ita fiye da yadda na yarda da wasu 'yan uwana. A Deptford muke zaune, a saman bene, ba mu da gareji, a jikin turken fitilar titi nake jona motar ta kwana. Na kuma karanta a intanet cewa cika batir maƙil yana rage masa kwana, sai na saita ta yadda za ta riƙa tsayawa kafin ta cika. (Wannan ƙa'ida na riƙe ta da ƙarfin da ban riƙe nafila ba.)

Sai kuma surukina, mahaifin matata Rukayya, wanda kowa ke kira Baba Alhaji. Dogon dattijo ne mutumin Kano, maganarsa ba ta da yawa, idan ya yi shiru kuwa sai ka fara tuno laifuffukanka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko a waya ya kira, sai in sauko daga kujera in durƙusa a kan kafet, a falona, a Deptford, Rukayya tana kallona tana danne dariya. Duk hirar da muka taɓa yi da shi ba ta wuce "To, Baba" da "Allah ya ƙara girma" ba. Bai taɓa faɗar aibuna ba, amma kuma bai taɓa yaba min ba. Ya ba ni 'yarsa ina ɗalibi, ba ni da komai sai jakar goyo da dogon buri, kuma na san a lokacin akwai waɗanda suka ce ya yi ganganci. Abin da nake so, in faɗi gaskiya, shi ne rana ɗaya mutumin nan ya dube ni ya ga bai yi asarar 'yarsa ba.

Idan ya zo Landan, gidan babban ɗansa yake sauka, Yaya Kabiru, likita, mai wata ƙatuwar jif mai shan dizal. Shi ke ɗauko shi, shi ke kai shi ko'ina. Ni aikina in zo gaisuwa in zauna kusa da takalma.

Rukayya ta haihu a tsakiyar hunturu, namiji, muka yanke za a sa masa sunan Baba. Baba ya taso takanas daga Kano. Yawancin mutanenmu a nan kuɗin rago suke turawa gida, a yanka a can a turo musu hoto. Baba ya ce shi bai san wannan ba, sai ya ga ragon da idonsa, an yanka a gabansa, sannan zai buɗe baki ya raɗa suna. Akwai wata gona can cikin Kent mai mayanka, Musulmi na zuwa su zaɓi dabba a yanka musu. Mun kuma kama wani zaure a Old Kent Road, tsohon sito ne da wata coci ke bayarwa haya, an ba mu daga hantsi zuwa la'asar, bayan nan mawaƙan cocin za su shigo gwajin waƙa. Tsarin mai sauƙi ne. A je gona da sassafe, a dawo wajen azahar, Baba ya tsaya gaban jama'a ya yi addu'a ya faɗi suna, dangi na Kano suna kallo ta waya.

Yaya Kabiru ya ce zai kai shi. Ban san lokacin da bakina ya ce ni zan kai Baba ba.

"A wannan fitilar cajin taka?" in ji Yaya Kabiru. "Ka duba weather kuwa? Gobe ƙanƙara za a yi."

Na gyara zama na ba shi lacca. Na ce duk surutun masu gidajen mai ne, na ce ai a ƙasashen da suke kwana cikin ƙanƙara ma irin motata suke hawa, na kawo dalilai har da waɗanda a take na ƙirƙiro su. Baba yana zaune idonsa a lumshe yana jan carbi. Da na gama sai ya ce a bar ni in kai shi, ai sunan ɗana ne za a yi. Da yamma na wanke motar ciki da waje, na fesa mata turare, na jona ta a turken fitila. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, shi ne saitin nan nawa mai hana batir cika.

Gari ya waye motar ta yi fari fat, gilashin kamar an barbaɗa masa sukari. Da na kunna ta na ga lambar ba ta kai yadda na saba gani ba, amma na yi lissafi a kaina, zuwa da dawowa, na ga za a yi saura. Na je na ɗauko Baba. Ya fito cikin babbar riga, ya ɗora kwat ɗin Yaya Kabiru a kai, ya naɗe wuyansa da rawani. Ya zauna a gaba, kafaɗa da kafaɗa da ni, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya shafa tafukan hannunsa ya ce akwai sanyi. Kafin ya rufe baki na murɗa hita har ƙarshe, na ƙara da kunna masa ɗumin kujera. Can sai na ga ya ɗan motsa, ya dafa gefen kujerar.

"Ita ma kujerar ɗumi take yi?"

"Eh, Baba."

"Madalla."

Madallar farko ke nan da na taɓa samu daga bakinsa, kuma ta hau min kai. Muna hawa babbar hanya na taka motar don ya ga yadda take shararawa ba ƙara ba hayaƙi. Muka riƙa wuce jif-jif irin ta Yaya Kabiru, ina kallon kowacce ta wutsiyar ido.

Abin da ban sani ba (ko in ce na ji, na ɗauka hassada ce) shi ne batir ma sanyi yake ji. Idan ya daskare ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. Sannan motar fetur zafin injinta take hura maka kyauta, ita kuwa wannan ba ta da injin da zai yi zafi, duk ɗumin da ke shiga ƙashin Baba daga tukunyar da muke tafiya da ita ake ɗebo shi. Ga gudu a babbar hanya, shi ma ci ne da shi. Sai na lura idan muka ci mil ɗaya, lambar ta ci kusan biyu. Na ce a raina ƙila ba ta gama farkawa ba ne, za ta daidaita.

A gonar Baba bai yi gaggawa ba. Ya buɗe bakin wannan rago ya duba haƙori, ya taɓa gadon bayan wancan, ya ce wani ya cika kitse, wani kuma idonsa bai yi masa ba. Da ƙyar ya zaɓi wani ƙosasshe, ya tsaya aka yanka yana addu'a. Da aka shiga fiɗa sai ya ce zai jira a mota, in bar masa abin ɗumin nan a kunne. Na ce to, Baba. Motar ta zauna a filin gona tana ɗumama dattijo, ni kuma ina tsaye a waje cikin taɓo, ina kallon lambar a wayata tana sauka alhali ko taya ba ta motsa ba. Na hango soket a jikin wani rumbu, da na roƙi mai gonar ƙila da ya bar ni na jona. Amma da Baba ya ga ina jan waya a ƙasa, da ya tambayi dalili.

Aka sa naman a but ɗin bayan mota muka juyo. A lokacin lambar da ke allo ta gaza tazarar da ke tsakaninmu da Old Kent Road, kuma ba da kaɗan ba. Mai hankali abin da zai yi a bayyane yake, ya ce Baba, akwai matsala, za mu kashe hita mu nemi wurin caji. Na tsara wannan jimla a zuciyata, na gyara ta, na sa mata ladabi gaba da baya. Na yi gyaran murya. Abin da ya fito shi ne, "Baba, ɗumin ya isa?"

"Ɗan ƙara kaɗan," in ji shi.

Na ƙara. Wallahi na ƙara.

Daga nan na koma sata. Idan ya juya yana kallon tumaki a saura, sai in miƙa yatsa in rage hita ɗan taki ɗaya. Na kashe ta ɓangarena gaba ɗaya, har yatsun ƙafata suka daina amsa ni. Na rage gudu na laɓe a bayan wata tirela. Gilashi ya fara yin hazo daga ciki, ga numfashinmu ga tururin ɗanyen nama, na cire hulata sabuwa dal ta suna ina goge gabana da ita. Wata tsohuwa mai jan ɗakin kwana a bayan motarta ta wuce mu tana leƙowa. Baba ya ce kamar tafiyar ta ragu, na ce dokar wurin ce.

Na ratse wani wurin hutawar matafiya da sunan ko Baba zai kama ruwa. Akwai turakun caji a wurin, amma ɗaya an rufe shi da leda, sauran kuma layi ne na mutane irina, kowa ya naɗe hannu a hammata yana hararar allon motarsa. Na ƙiyasta idan na bi layin nan har a tashi daga zauren ba mu kai ba. Wayata ta nuna min akwai wani turken a wani ƙauye, ɗan nesa kaɗan da babbar hanya, ba kowa a kai. Baba na dawowa na ja mota muka nufi can.

Ba mu yi nisa ba motar ta yi wani ɗan kuka, hoton kunkuru ya fito a allo. Wannan alama ce ta cewa ƙarfinta ya ƙare, rarrafe kawai za ta iya. Hita ta ɗauke ɗif. Baba ya sunkuyo ya ƙura wa allon ido, ya tambaye ni wannan kunkurun fa, na ce ado ne na kamfani. Sanyi ya fara shigowa ta ko'ina. Na saci kallonsa na ga carbin na rawa a hannunsa, leɓensa ya bushe. A nan tsoro na gaske ya kama ni, domin mutumin ya manyanta, ga hawan jini, kuma ni na ɗauko shi daga ɗaki mai ɗumi don in burge shi.

Da rarrafe muka shiga ƙauyen. Turken cajin yana nan kamar yadda waya ta faɗa, a filin ajiye motoci na wani tsohon gini mai jan bulo, hayaƙi na tashi daga bututunsa, an rataye allo mai hoton farin doki a ƙofarsa. Duk wanda ya yi wata ɗaya a ƙasar nan ya san mene ne wannan gini. Gidan giya ne.

Na jona motar. Turken na masu jinkiri ne, ga batir a daskare, cajin na shiga kamar ƙarin ruwa a asibiti. Idan na kunna hita, abin da ke shigowa shi za ta lashe. Na duba gabas na duba yamma, ba shago ba masallaci, sai gidaje a rufe da wata maƙabarta. Baba kuma haƙoransa sun fara haɗuwa. Na buɗe masa ƙofa na ce mu shiga ciki ya ɗan ji ɗumi kafin motar ta huta.

"Nan ina ne?"

"Wurin shan shayi ne, Baba. Na Turawan ƙauye."

A ciki akwai murhu na ci da itace, da wani ƙaton kare a kwance, da wasu tsofaffin Turawa jajaye suna kallon ƙwallo da manyan kofuna a gabansu. Mai wurin wata mata ce mai jiki da fara'a. Tana ganin Baba cikin babbar riga ta taso da sauri kamar ta ga sarki, ta kore karen, ta ja masa kujera gaban wuta. Ni kuma na yi wuf na juya kujerar yadda zai ba kwalabe baya. Ta kawo shayi mai kauri da gasasshen burodi. Baba ya cire takalmi ya miƙa ƙafafunsa ga wuta, jini ya dawo fuskarsa, har ya ce mutanen nan sun san darajar baƙo. Da azahar ta yi ya je ya yi alwala, ya warware rawaninsa ya shimfiɗa a wani lungu, ya ja mu salla. (Allah ya yafe min, a sujada batir nake roƙa wa.)

Muna sallamewa Rukayya ta kira. Na fita bakin ƙofa na ɗauka. Ta ce jama'a sun cika, abinci na hucewa, mawaƙan coci har sun fara shigo da ganguna suna ajiyewa a gefe. Na ce muna hanya.

"Wace hanya? Tun ɗazu nake kallon location ɗinka a taswirar waya, bai motsa ba."

Kafin in ƙago amsa Yaya Kabiru ya karɓe wayar daga hannunta. Bai tambaye ni komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce ko yanzu ya taso, kafin ya ɗauko mu ya dawo an karɓe zauren. Don haka ga abin da za a yi, zai kira ta bidiyo, ya jona wayarsa da ƙaton allon cocin da ke jikin bango, Baba ya yi addu'a ya raɗa suna daga inda yake, mutanen Kano ma suna kan layi. Na ce ai wurin ba sabis sosai. Sai na ji murya a bayana. Ashe Baba ya biyo ni.

"Kawo wayar. Ba za a tara mutane su watse ba suna ba."

Muka koma ciki. Na zaunar da shi a lungun da muka yi salla, inda ba komai a bayansa sai bangon katako, na riƙe wayar da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri. Kira ya shigo. Na hango zauren cike, maza da manyan riguna, mata da gwaggwaro, Rukayya a gaba da yaron a hannu. A ƙananan akwatuna a gefe ga fuskokin mutanen Kano, har da limamin unguwarsu. Na fara murna asiri zai rufu. Sai aka fara cewa duhu, ba a ganin fuskar Alhaji, a matsa wurin haske.

Matar nan mai kirki tana tsaye tana kallonmu. Ta gane matsalar haske ce. Ta zo ta zare wayar daga hannuna, ta ce ita za ta riƙe mana, ta san inda ya fi ko'ina haske a gidan. Ta ɗaga wani ɗan katako a jikin kantar da take sayar da giya, ta yafito Baba. Ni kuwa na buɗe baki, amma kun riga kun san yadda bakina yake a gaban mutumin nan. Baba ya tattara babbar rigarsa ya bi ta, ya shiga bayan kanta, ya tsaya daidai inda mai sayarwa ke tsayawa.

Haske kam akwai shi. Fitilu ne ƙanana suke haska kwalabe jere-jere tun daga kafaɗarsa har rufi, kore da ja da ruwan zuma, ga famfunan giya masu ƙyalli a gabansa kamar makirufo. Baba ya ɗaga hannuwa ya yi bismilla, ya yi salati, ya yi wa yaron addu'a mai tsawo mai ratsa jiki, ya faɗi sunan da muryar da ba ta rawa. Irin addu'ar da na daɗe ina mafarkin ji ce. Amma amin ɗin da ta biyo baya 'yar siririya ce, ta mutum biyu ko uku. Sai muryar wata gwaggon Rukayya daga Kano, wadda ba ta san ana jin ta ba, ta cika wurin: "Wai kwalaben mene ne a bayan Alhaji?" Wani ya ce mata ƙila shagon turare ne. Wani kuma ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Mai wurin ta tambaye ni me ake yi, na ce a daƙile sunan jaririna ne. Sai ta dafe ƙirji don murna, ta kaɗa wata ƙararrawa da ke rataye, ta sanar wa duk gidan an yi haihuwa. Tsofaffin nan suka miƙe tsaye, suka ɗaga kofunansu sama kumfa na zuba, suka yi wa ɗana kirari da iya ƙarfinsu. Ita kuma don kada mutanenmu su rasa wannan karamci, sai ta juya wayar ta haska su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a kaina, ina tsaye da jiƙaƙƙiyar hula a hannu da kare yana shinshina min wando saboda warin nama. Daga baya Rukayya ta ba ni labari cewa wata mata ta ɗauko guɗa ke nan, ta kai rabi, ta haɗiye sauran.

Ban san yadda muka fito ba. Na dai san Baba ya yi wa matar godiya, ya sa na yanko mata cinya guda daga but, domin a cewarsa duk wanda ya halarci suna yana da rabo. Motar ta sami abin da zai kai mu idan ba a kunna komai ba. Muka kama hanya a hankali, kowa ya ƙudundune. Mun yi tafiya mai nisa ina ta fatan Baba ya zage ni in huta.

"Na yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan tun ba a haife ka ba," in ji shi, yana kallon titi. "Tun daga bakin ƙofa na san warin."

Sitiyarin ya kusa ƙwace min. Na ce Baba, to me ya sa ka shiga bayan kantar?

"Kai ka ce wurin shayi ne. Ban ga abin ɓuya a wurin shayi ba."

Ya ci gaba da magana, mafi tsawo da ya taɓa yi min. Ya ce lambar nan tun kafin mu isa gona yake kallonta, karatun lamba dai ya iya. Ya ga tana zubewa, amma da ya ga na yi shiru sai ya ɗauka na san motata, kuma bai ga ya dace ya gyara wa suruki tuƙi a cikin motarsa ba. Ya ce da na ce masa a kashe abin ɗumin, da ya ja rawaninsa ya rufe kai, ai ya kwana a tasha da sanyin da ya fi wannan. Ni ina jin kunyarsa, shi yana jin nauyina, har muka kai kanmu mashaya. Sannan ya juyo ya dube ni sosai.

"Na ba ka 'yata, yau ga jika. Ran da wani abu ya lalace a gidanka, haka za ka yi ta ce min to, Baba, sai dai mu gani a allo?"

Kunkurun da na kira ado da wurin shayin da na ƙirƙira ba su dame shi kamar ɓoye masa matsalar da na yi ba, kuma na san yana da gaskiya.

Mun isa Old Kent Road ana kiɗa a zauren, waƙar coci na tashi har titi. Mutanenmu suna tsaye a gefen hanya da kuloli da kujerun yara, bas na wucewa tana watsa musu ruwa. Sai barka ake ta yi min da wata irin fara'a mai yawa. Yaya Kabiru ya buɗe wa Baba ƙofar jif ɗinsa da ta ɗumama tun tuni, Baba ya shiga bai waiwayo ba. Rukayya ta miƙo min yaron ta ce in riƙe shi da kyau, shi ma ba a cika masa caji ba. Kafin magariba hoton Baba a bayan kanta ya zaga dangi har Jidda.

Ana saura 'yan kwanaki Baba ya koma Kano, sai ya aiko Rukayya ta faɗa min yana son zuwa Leicester gaida wani tsohon abokinsa, kuma ni yake so in kai shi. Na cika batir har wuya, ƙa'idar intanet ta sha ruwa. Na nemo wuraren caji a hanya na haddace su. Da ya shigo ya zauna, ya shafa hannuwa ya ce akwai sanyi. Na ɗauko bargon da na ajiye a baya na ɗora masa a cinya.

"Baba, yau ba hita sai mun tsaya caji a rabin hanya. Motar ba za ta kai ba."

Na faɗa ne ina kallon sitiyari. Ya warware bargon ya lulluɓe har haɓa, ya gyara zama.

"Yauwa," in ji shi. "Ka ga an yi magana, kuma ba wanda ya mutu."

Yanzu idan hunturu ya shigo, duk lambar da allon nan ya nuna min sai in yi mata ragi mai tsoka a zuciyata, kamar yadda ake yi wa farashin ɗan kasuwa. Wa'azin bayan Juma'a kuma na ajiye shi. Ladabi dai ina nan ina yi, har gobe a durƙushe nake amsa wayar Baba. Sai dai na gane gara suruki ya ji sanyi a bakinka da ya ji ɗumi a mashaya.